Shekara 100 ana kiɗa kyauta a Washington: to wa yake biya?

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba. Maganar kiɗa ce, kiɗan ma ba namu ba, amma ku ɗan yi haƙuri da ni.

A cikin babban laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington akwai wani zaure mai kujeru kusan 500, ana ce masa zauren Coolidge. Ranar 28 ga Oktoban 1925 aka fara kiɗa a cikinsa, kuma tun daga lokacin ba a sayar da kujerarsa. Ka nemi tikiti a ba ka kyauta. In sun ƙare ka je ka bi layi a bakin ƙofa, wanda duk bai zo ba a ba ka gurbinsa. A 2025 shirin ya cika shekara 100. Karayar tattalin arzikin 1929 ta zo ta wuce, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce, shugabanni sun hau sun sauka, ana nan ana kiɗa.

Abin da ke ɗan ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin. Kowa ya ɗauko shi sai ya tsaya a kan cewa kyauta ne, ya shiga yabon alheri. Ni kuwa a wajena alheri shi ne abu mafi arha a cikin labarin nan. Masu alheri ba su taɓa yin ƙaranci a duniya ba, kuma galibin abin da suka kafa tare da su ake binne shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk makaɗin da ya hau dandamalin nan biyansa ake yi, a biya masa jirgi da masauki. Mai sauraro ne kawai ba ya sa hannu a aljihu. To wa ke sawa, kuma ta yaya aka yi bai gaji ba?

Sai an fahimci irin kiɗan tukuna. Ba irin na babbar tawagar nan ba ce mai mutum tamanin da wani a gaba yana kaɗa sanda. Mutum uku ne, ko huɗu, ko biyar, ba shugaba a gabansu, ba lasifika. Wanda ya fi shahara shi ne na mutum huɗu masu goge irin na Turawa: biyu ƙanana masu siririyar murya, ɗaya ya ɗan fi su girma da kauri, na huɗun babba ne, sai an kafa shi a ƙasa an riƙe shi tsakanin gwiwoyi. In ka kalli bidiyonsu da kyau, kafin a fara za ka ga na farkon ya ɗan ɗaga kafaɗa ya ja numfashi ta hanci, sauran ukun su ja tare da shi, sannan hannu huɗu su sauka lokaci guda. Wannan numfashin shi ne umarnin, babu wani. Daga nan abin ya koma kamar hirar dattawa huɗu da suka daɗe suna zama a zaure ɗaya: wannan ya ɗauko zance, wancan ya karɓe daga bakinsa, na ukun ya musa, babban ya yi gyaran murya kowa ya dawo hanya.

Kuma nan matsalar kuɗin take. Dole zauren ya zama ƙarami, in ya yi girma sautin ya ɓace. Kujera 500 kuwa ba za ta iya ciyar da mutum huɗu da suka shafe watanni suna bitar kiɗa ɗaya ba. Shi ya sa tun asali a gidajen sarakuna da attajiran Turai aka rene shi. Haydn, wanda ake ɗauka uban wannan kiɗa na mutum huɗu, kusan shekara 30 ya yi yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima. Makaɗin fada ne, ba wani abu ba. Mu da muka san makaɗan fada mun san abin da ke faruwa ranar da ubangida ya kwanta dama.

Matar da ta warware wannan ƙulli a Washington ita ce Elizabeth Sprague Coolidge. An haife ta a Chicago a 1864, 'yar wani babban ɗan kasuwa mai sarin kayan masarufi. Ta iya fiyano sosai, amma a zamaninta 'yar manyan gida ba ta hawa dandamali neman kuɗi. Tsakanin 1915 da 1916 ta rasa mahaifinta da mijinta da mahaifiyarta, dukiya ta dawo hannunta tana da shekara hamsin da 'yan kai. Ga shi kuma kunnenta ya yi nauyi, da na'urar ji take zama wajen kiɗa. Ta fara da shirya bikin kiɗa na kanta a Pittsfield, a jihar Massachusetts, daga 1918. Da ta tsaya a nan, da labarin ya ƙare ranar da ta rasu a 1953.

Ita ma ta hango haka. Sai ta nemi wata hukuma wadda ba ta mutuwa. A 1924 ta miƙa wa laburaren cakin dala 60,000 don a gina zaure, daga baya ta ƙara. A lokacin Herbert Putnam ne shugaban laburaren, Carl Engel kuma shi ke riƙe da sashen kiɗa. Abin dariya, babu wata doka a ƙasa da ta ba laburaren ikon riƙe dukiyar amana yana juya ta yana cin ribarta. Sai da majalisa ta zauna ta yi sabuwar doka a watan Maris na 1925, ta kafa kwamitin amintattu na asusun laburaren. Kun ji fa: wata tsohuwa mai nauyin kunne ta sa majalisar ƙasa yin doka saboda masu goge huɗu su samu wurin zama.

A nan ne nake ganin hikimar take. Ba gini kawai ta bayar ba. Ta ajiye uwar kuɗi daban, wadda ba a taɓawa, ribarta ce ke biyan makaɗa kowace shekara. Ta kuma tsara cewa kuɗin ba na maimaita kiɗan matattu ba ne kaɗai, a riƙa biyan masu rai su rubuta sabo. Ra'ayinta a kan wannan sananne ne: ba lallai ne mutane su so sabon kiɗa ba, ba lallai ma su gane shi ba, amma dole a ba shi wurin da za a ji shi, domin shaida ce ta abin da ɗan Adam ke ciki a zamaninsa. Attajiri nawa kuka sani da zai biya kuɗin abin da shi kansa ba lallai ya ji daɗinsa ba, kuma ba sunansa za a ambata a ciki ba?

Ga abin da wannan sharaɗi ya haifar. A 1928 a zauren nan aka fara nuna wani wasan rawa da Stravinsky ya rubuta wa kiɗa. A 1935 nan aka fara kaɗa na biyar a jerin kiɗan mutum huɗu na Béla Bartók, ɗan ƙasar Hungary. A watan Afrilun 1940, Turai na cin wuta, Bartók ɗin da kansa ya zauna a kan fiyano a dandamalin nan tare da mai goge Joseph Szigeti, aka naɗi kiɗan a faifai, har yau ana saurare. Sai kuma wanda ya fi su duka suna: ranar 30 ga Oktoban 1944, ranar da Coolidge ta cika shekara 80, Martha Graham da 'yan rawarta suka fara nuna Appalachian Spring, da kiɗan Aaron Copland. Dala 500 aka biya shi. Makaɗa 13 kacal ya rubuta wa, saboda iyakar waɗanda wurin zai ɗauka kenan. Ƙuncin zauren ne ya yanka wa kiɗan riga, kuma a shekarar da ta biyo ya ci lambar yabo ta Pulitzer. Yau Amurkawa na jin sa kamar muryar ƙasarsu.

Amma wadda ta fi burge ni ba Coolidge ba ce, wata ce da ta biyo bayanta, Gertrude Clarke Whittall. A tsakiyar shekarun 1930 ta ba laburaren goge biyar na hannun Antonio Stradivari, masassaƙin nan na garin Cremona a Italiya da ya rasu a 1737. Mafi tsufa a cikinsu na 1697 ne. Kowane ɗaya a yau kuɗinsa miliyoyin daloli ne. Duk wani ma'aikacin gidan tarihi da ka ba irin wannan kaya, abu na farko da zai yi shi ne ya sa a gilashi ya kulle ya rubuta kada a taɓa. Ita kuwa sai ta ce a'a, sharaɗinta shi ne a riƙa kaɗa su, ta kuma ajiye kuɗin da za a biya masu kaɗawar. Saboda haka ne ƙungiyar masu goge huɗu ta Budapest, waɗanda dukkansu Yahudawa ne haifaffun daular Rasha da suka baro Turai, suka samu wurin zama a laburaren daga 1940 zuwa 1962. Bayansu ƙungiyar Juilliard ta karɓa, ta yi shekara 40. Har yanzu duk watan Disamba, lokacin zagayowar rasuwar Stradivari, ana fito da kayan nan a miƙa wa makaɗa. Icen da aka sassaƙa shekara 300 da suka wuce, ana ɗora shi a kafaɗa, gumi na taɓa shi. Wannan matar ta san bambancin adana abu da kashe shi.

To kada a ce na zo ina yi wa Turawa kirari. Akwai abin faɗa. Kyauta ba ta nufin kowa na samu. Wanda ya san ranar da ake sakin tikiti, yake da intanet da lokacin zama ya jira, shi ke kwashewa, kuma sau da yawa shi ne dai mutumin da zai iya saye ko da an sa kuɗi. Direban bas da ke unguwannin gabashin kogin Anacostia, tafiyar 'yan mintuna daga ginin, wa ya taɓa gaya masa akwai kujerarsa a ciki? Kuma Washington ɗin da aka gina zauren a cikinta gari ne na wariyar launin fata. A 1939 ne aka hana mawaƙiya Marian Anderson wani babban zaure a garin saboda baƙa ce, har ta je ta yi waƙarta a fili gaban ginin tunawa da Lincoln. Adalci dai shi ne a faɗi cewa zauren Coolidge ya buɗe ƙofa da wuri fiye da wasu: a 1938 a kan dandamalinsa Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya zaunar da makaɗi baƙar fata Jelly Roll Morton yana kaɗa fiyano yana ba da tarihin kiɗan jaz, a Disamban 1940 kuma aka yi bikin cika shekara 75 da haramta bauta, inda mawaƙa baƙaƙen fata Roland Hayes da Dorothy Maynor suka rera. Duk da haka, ɗanɗanon wasu 'yan tsirarun masu kuɗi ne ya zana taswirar, sauran daga baya aka yi ta shigo da su.

Akwai kuma raunin da su matan biyu ba su iya toshewa ba. Kuɗin nasu ne, amma makullin ƙofa na gwamnati ne. Ranar 1 ga Oktoban 2025 harkokin gwamnatin tarayyar Amurka suka tsaya saboda 'yan majalisa sun kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, aka yi kwana 43 a haka, gine-ginen laburaren a rufe. Ku duba kalanda: ranar cikar shekara 100 ɗin a tsakiyar wannan rufewa ta faɗo. Kuɗin makaɗa na nan a asusu, gogen Stradivari na nan a ɗakinsu, mai buɗe ƙofa ne aka ce ya zauna a gida.

Na san wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, wani kuma ya ce shi kiɗa ma bai yarda da shi ba. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Cire kiɗan ka sa abin da kake so a gurbinsa, karatu ne, waƙar baka ce, tarihi ne, tsarin dai shi nake nuna maka. Kuma tsarin ba baƙonmu ba ne, wakafi ne sak: a tsare uwar dukiya, a ci amfaninta, a rubuta sharaɗi. Yana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu tun kafin a kafa Amurka. Amma in aka zo ga masu fasaharmu, me muke yi? Liƙi a wajen biki. Kyautar mota, kujerar Makka, babbar riga, duk don a ambaci sunanka a baiti. Kuɗin da ake watsawa a dare ɗaya a wasu bukukuwan ba kaɗan ba ne, amma da gari ya waye an share fili shi kenan. Mai gogenmu da mai gurmi da mai kukuma in tsufa ya zo sai ka ji ana neman taimako a rediyo, tsofaffin faifansu kuma zafi da ƙura na cinye su a ɗakunan ajiya.

Zaure mai kujera 200 a Kano ko Zinder, da shaguna goma da hayarsu za ta riƙa biyan makaɗa duk wata, da takarda a rubuce cewa ba waƙar yabon mai gida za a yi ba kuma dole a naɗa a adana, wannan bai fi ƙarfin mutum ɗaya daga cikin masu kuɗinmu ba. Inda na tsaya ban samu amsa ba shi ne wa za a danƙa wa makulli. In 'ya'yan mai wakafin ne, ranar rabon gado za a ji su a kotu. In gwamnati ce, kun dai ga abin da ya faru a Washington ɗin ma, balle inda sabon kwamishina zai iya mayar da zauren ofishin jam'iyya. Jami'a ce, ko masarauta, ko ƙungiyar makaɗan da kansu? Wanda ya san wani wakafi a ƙasar nan da ya haura shekara 50 yana aiki bayan mai shi ya rasu, don Allah ya faɗa mana wa ke riƙe da shi da yadda aka rubuta takardarsa.