Taga ɗaya tak ta roƙa a buɗe mata

Wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku tana haya a ɗakin ƙarƙashin bene, irin ɗakin nan da rabinsa ke binne a ƙasa. Ƙofa ɗaya, matakala ɗaya, taga biyu can sama kusa da silin, kowacce an ɗaure ta tamau da rodi. A gindin matakalar nan mai gidan hayar ke ajiye janareta da jarkar fetur. Makon jiya wayar lantarki ta yi tartsatsi a daidai wurin, Allah ya taƙaita, maƙwabta suka kashe da yashi. Washegari ta same shi a ƙofar gida, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Alhaji, alfarma nake nema. A cire ƙarfen taga ɗaya a mai da shi mai buɗewa ta ciki. Ni zan biya mai walda."

Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Ke kika gina gidan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma jiya da wutar ta kama, ta ina zan fitar da yaran nan?"

"To ta kama ɗin?"

Ta yi shiru. Sai a lokacin ya dube ta, sama da ƙasa. "Wanda kwanansa ya ƙare ko a fili yake sai ya tafi. Ke kin fi Allah iya tsaro ne? In ba za ki iya zama ba ga hanya nan. Akwai masu jiran ɗakin, har da ƙarin kuɗi."

A gaban 'ya'yanta ya faɗa, a gaban masu shan shayi. Ta tashi tana ba shi haƙuri. Ita ce ma mai ba da haƙuri!

Haba Alhaji! Ranar da ka kira mai walda ya lafta wa tagogin nan rodi don tsoron ɓarawo, ina tawakkalin yake? A kan dukiya ka ɗaure raƙuminka, a kan ran yara uku kuma ka ce a bar wa Allah. Wannan ba imani ba ne, rowa ce da rashin tausayi.

Abin da ya fi ƙona rai, duk wanda ya san aikin ƙarfe ya san abin da ta roƙa bai kai aikin wuni guda ba. Ƙarfen taga iri biyu ake kafa shi a gidajenmu: ko an yi masa ƙafafu huɗu zuwa shida an cusa cikin bulo an cike da siminti, ko an yi waldarsa a jikin firam ɗin tagar. Na farkon ba a ɓalle shi da guduma. Mai yin haka zai tsaga filasta, ya farfasa bulo, musamman bulon zamanin nan da yashi ya fi siminti yawa. Yanka ake yi, da ƙaramin injin yankan ƙarfe mai faifai inci huɗu da rabi, a sa siririn faifan yanka, ba mai kaurin nan na goge walda ba.

Kafin a kunna inji a sauke labule, a fitar da katifa, a kawar da fetur da tukunyar gas nesa, a ajiye bokitin ruwa kusa. A rufe gilashi da falanki ko jiƙaƙƙen buhu, don tartsatsi yana cin gilashi ya bar ɗigo-ɗigon da ba su goguwa har abada. Ana fara yanka ƙafafun ƙasa, sai na gefe, na sama su zama na ƙarshe, wani na riƙe da ƙarfen. In aka fara ta sama, nauyin zai rinjayo ya matse faifan, faifan ya tarwatse a fuskar mai yanka. Kuma nauyin ba wasa ba ne: rodi mai kaurin milimita 12 kowace mita ɗaya ta kusa kilo guda, taga mai ƙafa huɗu tsawo da faɗi tana iya kai wa kilo 20 in an haɗa da firam. Yaran walda da ke cire murfin faifai su yi yanka ido tsirara, su daina. Ido ba shi da na canji.

Guntayen da suka rage a bango ba a barin su haka. A sassaƙe siminti a kewayensu, a ci ƙarfen ya nutse kamar santimita biyu, a shafa jan fentin hana tsatsa, a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku. In ba haka ba, danshin ɗakin ƙasa zai sa su tsatsa, tsatsa ta kumbura, damina biyu bango ya tsage.

Sannan ba a ce a bar tagar a sake ba. Ƙarfen da aka cire shi ake mayarwa, a yi masa firam, ya zama ƙyaure mai buɗewa waje, da sakata a ciki, a rufe sakatar da farantin ƙarfe yadda hannun na waje ba zai kai ba. Ba kwaɗo. Cikin hayaƙi da duhu ba wanda ke tuna inda makulli yake, kuma hayaƙi cikin 'yan mintuna yake kayar da mutum, tun kafin wuta ta taɓa shi. A Amurka ƙa'idar ginin gidaje ta ce ɗakin kwana na ƙarƙashin ƙasa dole ya sami tagar tsira: faɗi kada ya gaza inci 20, tsawo inci 24, tsayinta daga daɓe kada ya wuce inci 44, kuma duk ƙarfen da ke jikinta ya buɗu ta ciki ba da makulli ko wani kayan aiki ba. Tagar da ke can kusa da silin kuwa sai an kafa mata mataki mai ƙwari a ƙasa, in ba haka ba yaro ba zai kai ba.

Mu fa? Tun 2006 Najeriya ke da kundin ƙa'idar gini na ƙasa. Wa ya taɓa ganin jami'i ya shiga gidan haya ya tambayi ta ina mutane za su fita in gobara ta tashi? Kuɗin takardar izini ana karɓa, harajin fili ana karɓa, mai jan fenti yana zuwa ya yi wa katanga alama in ba a biya ba. Duba mafitar talaka ne kaɗai ba mai lokacinsa. Gwamnatin da ta kasa tsare mu daga ɓarayi har muka mai da gidajenmu keji, ita ce ta kasa ba mu tsayayyar wutar lantarki har kowa ya kwana da fetur a zaure. In gobara ta kama, a kira 'yan kwana-kwana, lungu ya hana motarsu shiga, ko ruwan ya ƙare ana tsaka da aiki, samarin unguwa su yi ta dukan rodi da taɓarya suna jin ihun na ciki. Gobe a zo jaje, a ce ƙaddara.

Hunturu na tafe, lokacin da ake shiga da garwashi ɗaki, ana barin hita a ruwa a yi barci. Matar nan har yau tana ɗakin, jarkar fetur na gindin matakala, kuma an ce mata kuɗin haya zai ƙaru a sabuwar shekara.