Talla ya bi mai kallo zuwa manhaja, doka kuwa ta tsaya a baya

Idan mutum a Birtaniya ya kunna tashar ITV da daddare, hukumar Ofcom mai kula da kafafen watsa shirye-shirye ta riga ta ƙidaya mintunan tallan da za a iya nuna masa. Ba za su wuce 12 a cikin sa'a ɗaya ba, kuma in aka haɗa na yini duka aka raba, kada su haura minti 7 a kowace sa'a. Maƙwabcinsa da ya bari sai washegari ya kalli wannan shirin a manhajar ITVX kuwa, wannan ƙidaya ba ta shafe shi ba. Tashar ce ke yanka wa kanta yawan tallan da za ta cusa, kuma abin da ke riƙe hannunta kawai shi ne tsoron kada mai kallo ya gaji ya koma Netflix. Shiri ɗaya ne, kamfani ɗaya ne, amma an kare mutum ɗaya an bar ɗayan.

Ni ba na cikin masu cewa a raba talabijin da talla. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. BBC ba ta sa talla a manhajarta ta iPlayer saboda gidajen da ke kallo suna biyan kuɗin lasisi, wanda ya kai fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025. Channel 4 kuma, duk da cewa mallakar gwamnati ce tun kafuwarta a 1982, ba ta da rabo a wannan kuɗi. Da talla take biyan 'yan jarida da masu shirya wasanni. Haka ITV take tun daren 22 ga Satumba 1955 da ta fara da tallan man goge baki.

Wannan kuɗin talla yana yin aikin da bai kamata a raina ba. A Janairun 2024 ITV ta nuna wasan Mr Bates vs The Post Office, labarin ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya da aka gurfanar bisa zargin sata, alhali na'urar lissafi ta Horizon ce ke kuskure. Shekara da shekaru mutanen nan suna kuka ba a saurare su ba. Wasan ya tayar da ƙasar, kuma kafin ƙarshen Mayun wannan shekara majalisa ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen. Duk da haka shugaban shirye-shiryen tashar, Kevin Lygo, ya ce wasan ya jawo musu asarar kusan fam miliyan ɗaya. Labari ne na cikin gida da ba ya sayuwa sosai a ƙasashen waje, irin wanda kamfanin da ke neman masu biya a duk duniya ba zai yi gaggawar zuba kuɗi a kansa ba. Idan talla ya ƙafe wa irin waɗannan tashoshi, irin wannan aiki ne zai fara mutuwa.

Kuma ana matsa musu ta ko'ina. Matasa sun bar zaman jiran shirin ƙarfe tara. Netflix da ta daɗe tana alfahari da rashin talla ta buɗe tsarin mai talla a Nuwamban 2022, Amazon kuma ta zuba talla a Prime Video a farkon 2024, ta ce wanda ba ya son tallan sai ya ƙara fam 2.99 a wata. Ga YouTube can gefe. Duk kuɗin 'yan kasuwa ɗaya suke nema. Shi ya sa ITV ta buɗe ITVX a Disambar 2022, Channel 4 ma ta bayyana cewa zuwa 2030 intanet ce za ta zama babbar ƙofarta. Ban ga laifinsu ba.

Inda nake da magana shi ne irin tallan da suke sayarwa yanzu. Kafin ka kalli komai a manhaja sai ka yi rajista, ka ba da adireshin imel da ranar haihuwa da lambar unguwarka. Daga nan manhajar tana riƙe da abin da ka kalla, da lokacin da ka kalla, da na'urar da ka yi amfani da ita. Wannan ne hajar. Sky ta fara tun 2014 da tsarin AdSmart, inda gida biyu ke kallon shiri ɗaya amma kowanne da tallansa. ITV ta kafa Planet V a 2020, dandalin da kamfanonin talla ke zaɓar rukunin mutanen da suke so da kansu, ta kuma ƙulla yarjejeniya da kantunan Tesco da Boots domin a daidaita bayanan masu kallo da na katin sayayyarsu. Channel 4 ma ta taɓa gwada tallan da ke kiran mai kallo da sunansa a 2017.

Akwai alheri a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mai ƙaramin shagon kayan ɗaki a birnin Lids da ba zai taɓa iya sayen minti ɗaya a faɗin ƙasa ba, yanzu yana iya sayen 'yan unguwannin da ke kewaye da shi. Kamfanonin kuma suna cewa ana haɗa bayanan ne ba tare da ɗan kasuwa ya ga sunan kowa ba.

Sai dai an yi asarar wani abu da ba a cika lissafa shi ba. Tallan talabijin na da kamar mai shela ne a tsakiyar kasuwa: abin da ya faɗa kowa ya ji, in ya yi ƙarya akwai shaidu. Na manhaja kuwa dillaliya ce mai shiga gida-gida, ta san halin kowane gida, kuma abin da ta faɗa a nan ba lallai maƙwabta su ji ba. Amincin da jama'a suka ba tallan talabijin ya samo asali ne daga wannan ido na kowa. Hukumar ASA mai ladabtar da 'yan talla ta daɗe tana samun labarin ɓarna daga ƙorafin jama'a, kuma sau da yawa wanda ke ƙorafi ba shi ne wanda aka yi tallan dominsa ba. Likita ne ke gane ƙaryar tallan magani, malamin makaranta ke lura da abin da ake kwaɗaita wa yara. Idan na'ura ta tace ta kai tallan caca ko na bashin gaggawa ga waɗanda suka fi saurin faɗawa kaɗai, wa zai gani har ya ɗaga murya? Wanda aka nufa da shi ne mafi ƙarancin ƙarfin ƙorafi.

Gaskiya ne tashoshin suna tura tallan manhaja ma ga Clearcast, ofishin da ke duba talla kafin a watsa, kuma wannan ya sa sun fi shafukan sada zumunta tsafta nesa ba kusa ba. Amma duba abin da talla ya ƙunsa daban, duba wanda aka kai wa shi daban. Tarayyar Turai ta tilasta wa manyan dandalin intanet su ajiye rumbun talla a buɗe, inda kowa zai ga wanda ya biya da irin mutanen da aka nufa. Ban ga dalilin da zai hana tashar da ke kiran kanta mai yi wa jama'a hidima ta yi hakan da kanta ba, tun kafin a tilasta mata.

Sannan ga batun kuɗi. ITVX ta fito da tsarin da babu talla a kan fam 5.99 a wata. Mai hali ya biya ya huta, marar hali ya zauna a maimaita masa talla ɗaya a kowane hutu. Ƙayyade mintuna da aka yi a da an yi shi ne domin wanda ba shi da zaɓi. Yau shi ne aka bari ba kariya.

Masu cewa ba za a iya sa wa manhaja irin wannan doka ba, gwamnatin Birtaniya da kanta ta ba su amsa. Daga Janairun 2026 an hana tallan abinci mai yawan kitse da sukari da gishiri kafin ƙarfe tara na dare, kuma hanin ya haɗa talabijin da manhajojin da Ofcom ke kula da su. In an iya duba agogo domin alewa, za a iya ƙidaya mintuna.

Mu ma wannan hanya muka hau. Arewa24 da ta fara a 2014 tana da manhajarta, kuma yawancin masu bin wasannin Hausa masu dogon zango a waya suke kallo, galibi ta YouTube, inda Google ke zaɓar tallan kuma ya cire kasonsa. Duk tashar da ta ja masu kallonta zuwa manhajarta domin kuɗin talla ya zauna a gida, ta yi dabara. Amma mai kallonmu yana biya sau biyu, da lokacinsa da kuma datar da ya saya, domin kowane daƙiƙa na talla daga cikinta yake fita. Najeriya tana da dokar hukumar kula da talla, ARCON, ta 2022 da ta wajabta tantance talla kafin a fitar, da dokar kare bayanai ta 2023. Abin da nake so tashoshinmu su rubuta tun yanzu, da Hausar da kowa zai karanta a shafin rajista, shi ne minti nawa na talla za su sa a sa'a, wane bayani suke ɗauka, da wanda suke ba wa shi.