Ranar da na ƙaryata Reynolds

A sashenmu babu ɗalibin digiri na biyu da zai rubuta kundi sai ya tsaya gaban malamai ya gabatar da semina. Minti ashirin na bayani, goma na tambayoyi. Na gaba da mu sun sha faɗa mana cewa goman nan ta fi ashirin ɗin tsawo, ni kuwa ina yi musu dariya.

Aikina a kan gudun ruwa a cikin bututu ne. Tun 1883 Osborne Reynolds ya gwada abin a Ingila: ya saki tawada cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya ga in ruwan na tafiya a hankali tawadar kan miƙe kamar zare, in ya ƙara gudu sai ta watse ta hautsine. Akwai lamba mai sunansa, wadda ake samu in an ninka gudun ruwa da faɗin bututu, a raba da kaurin ruwan. Ƙasa da 2,300 ruwa na tafiya lami lafiya, sama da 4,000 kuwa sai hargitsi.

To ni tawadata ta miƙe sak, amma kwamfuta ta ba ni lamba miliyan ɗaya da rabi. Mai hankali zai koma ya duba lissafinsa. Ni sai na kasa barci don murna, har na fara tunanin sunan da za a raɗa wa sabuwar dokar. Malamin da ke duba aikina ya yi tafiya taro, na ce bari in ba shi mamaki.

Ranar seminar na ƙure adaka. Na haska zanena a bango, na ce da babbar murya sakamakon nan ya saɓa wa abin da aka sani fiye da shekara ɗari. Ɗaki ya yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne.

A layin gaba akwai wani tsohon farfesa da ba a taɓa ganin idonsa a buɗe a semina ba. Yana zama zai harɗe hannu ya sunkuyar da kai. Ina cewa na kammala, sai ya ɗago.

"Yaro, koma shafi na shida."

Na koma, hannu na rawa.

"A wane ɗaki kuka ajiye bututun nan? Ina so in je in gani."

"Yana ɗakin gwaji, ranka ya daɗe, a kan tebur."

"Tebur? Lallai teburin ma abin kallo ne."

Sai a lokacin na dubi shafin da kyau. Faɗin bututuna milimita 25 ne, na kuwa shigar da 25 a gurbin mita. Wato bututun da bene mai hawa takwas zai tsaya a cikinsa. Lambata ta gaskiya 1,500 ce, ruwan kuma santimita shida yake yi a daƙiƙa, yana bin dokar Reynolds sau da ƙafa, bai san ma ana rigima a kansa ba.

Da na yi shiru da na tsira da sauran mutuncina. Amma baki ya riga ni, na ce ai ko NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta taɓa asarar kumbo a duniyar Mars a 1999 saboda ɓangare ɗaya ya auna ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan da ma'aunin nuton.

"Haka ne," in ji shi. "Amma su nasu ya bar ƙasa tukuna."

Ya mayar da kai ya rufe ido. Na saci kallon agogon bango, ashe minti biyu kacal aka ci cikin goman. Malaman lissafi uku sun riga sun ɗaga hannu.