Bayan an sallamo shi daga asibiti, wa zai duba shi?

A Sakkwato, in aka ce wa mutum "sai Kware", zagi ne. Sunan garin da asibitin tarayya na masu taɓin hankali yake ya koma abin tsokana a bakin yara da manya. Ni ma na sha faɗa, ban daina ba sai da ɗan yayata ya kwanta.

Shekararsa 22, tiramol da kodin da wiwi suka kai shi ƙasa har ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Kwanakin farko a asibiti babu daɗin gani: gumi, hamma, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci. Likita yakan zo zagaye da safe, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce, don wasu na jiransa. Wanda ke nan da ƙarfe biyun dare shi ne nas. Na ga wani malamin jinya ya jawo kujera ya zauna gefen gado, ya yi ƙasa da murya, ya kira yaron da sunansa, ya bar shi ya gama zage-zagensa, sannan ya miƙa masa ruwa. Da yayata ta fashe da kuka tana roƙon a ɗaure shi, sai ya ce mata: "Inna, ki yi haƙuri, jikinsa ne ke neman abin da ya saba. Kwana kaɗan zai lafa." Ya kuwa lafa.

Wannan aiki koyonsa ake yi, akwai ma makarantar horar da ma'aikatan jinya kan wannan fanni a Kware. Nas ɗin da ya samu horon yakan gane wanda ya ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, da wanda shirunsa ya fara nuna yana tunanin hallaka kansa. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba alhali jama'a sun haura miliyan 200, a kan irin waɗannan ma'aikata nauyin yake.

Damuwata ita ce kulawar tana ƙarewa a bakin ƙofar asibiti. An sallamo yaron da lafiyarsa, ya koma ƙauye. Bayan ɗan lokaci wuyansa ya sandare, yawu na zuba. Abu ne sananne da wasu magungunan taɓin hankali ke jawowa, kuma akwai maganinsa mai sauƙi. Amma a ɗakin shan maganin garin ba a samu wanda ya gane ba. Maƙwabta suka ce iska ce, uwar ta tsorata ta ɓoye maganin. Kafin wata biyu muryoyin sun dawo, abokan da suka fara ba shi ƙwaya kuwa dama suna nan a bakin tasha.

Labarin gidaje da yawa ke nan. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuma na ta kame. Kame yana da amfaninsa, amma wanda ya riga ya kamu jinya yake buƙata. Inda babu mai jinya kusa, iyaye kan nufi gidan mari, kuma mun ga yadda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa, a Rigasa da Daura a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majinyaci 'yancin a kula da shi cikin mutunci. Sai dai doka ba ta yin allura.

Jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta. A ganina abin da ya kamata gwamnatin jiha ta fara yi shi ne ta tura nas-nas ɗinta su samu wannan horo, ta biya su alawus mai tsoka don kada su gudu, ta ajiye aƙalla ɗaya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da magani a hannunsa. Shi zai yi allurar wata-wata, ya gyara matsalar da magani ya jawo, ya leƙa gida in majinyaci bai zo ba. Mata masu shaye-shaye a ɓoye kuma sai an samar musu nas mace, don da wuya a fito da matar aure ta zayyana wa namiji halin da take ciki.

Wasu za su ce addu'a ta isa. Addu'a muna yi, ba za mu daina ba, kuma limamin da ya ce wa iyaye su haɗa da asibiti ya taimake su. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. To a lissafa abin da mutumin Isa ko Sabon Birni ke kashewa, da kasadar hanyar da yake ɗauka, don kawai ya zo birni a yi wa ɗansa allura ɗaya. Yayata kowane wata sai ta sayar da wani abu kafin ta haɗa kuɗin motar su biyu.