Kafin ka rataya fitilar, wa zai hau ya canza ta?

Don Allah a daina cewa tsautsayi ne a yi shiru. Tun jiya nake ganin saƙonni a kan yaron nan da ya faɗo daga tsani a unguwar Ajah ta Legas, kowa na rubuta Allah ya ba shi lafiya, ƙaddara ce. Amin, Allah ya ba shi lafiya. Ƙaddara kuwa duk mun yi imani da ita. Amma mutum ne ya zauna da biro da takarda ya ce a maƙala fitila a silin ɗin da ke saman matattakalar bene, inda tsayin ya kai na mutum uku, kuma babu shimfiɗaɗɗen wurin da ƙafar tsani za ta zauna. An biya shi kuɗinsa, ya tafi gida ya yi barcinsa. Yaron da aka ɗauka don buɗe get da rufewa shi aka ɗora wa tsani a kan tebur, tebur a kan matakala, wai ya hau ya duba abin da ya sa fitilar Hajiya take ƙiftawa. Ga shi can kwance a asibitin ƙashi na Igbobi da karaya a cinya, fitilar kuma har yanzu tana nan tana ƙiftawarta.

Ni da aikin wayarin nake ci a garin nan. Daga Agege nake fita, na shiga gidajen Ikeja, na shiga na Lekki, na shiga masallatan unguwa, kuma maganata ɗaya ce: fitilar da ba a iya canza ta sai an fasa silin ko an sayar da rai, ba fitila mai kyau ba ce, ko nawa aka saye ta. Kyan ɗan maciji ne. Duk wanda zai rataya wani abu a sama ya fara tambayar kansa wa zai hau ya canza, da me zai hau, kuma in ya hau me zai tarar.

Ku tuna yadda muka taso. Waya ta sauko daga silin, holda a ƙarshenta, ƙwai a ciki. Ko dai mai fil biyu ne da ake dannawa a juya, irin wanda muka gada daga Ingila, wato B22, ko kuwa mai murɗawa, E27, wanda faɗin gindinsa milimita 27 ne a ko'ina a duniya. Ƙwai ya mutu, a aiki yaro wajen mai shago a bakin layi, a taka kujera, minti biyu an gama. Ko doguwar fitilar nan ta makarantu da ofisoshi, in ta fara rawa ka san ɗaya daga cikin uku ne, ko ƙwan, ko sitata mai tayar da ita, ko cok mai daidaita mata wuta, kuma kowanne ana cire shi shi kaɗai a sa sabo. Ba na cewa a koma wancan ƙwan mai zafi da shan wuta, fitilar zamani ta LED ta fi shi nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne mutanen da suka ƙera holda sun san ƙwai yana mutuwa, suka yi wa ranar mutuwarsa tanadi. Masu ƙera na yanzu da masu saka su sun yi kamar ranar ba za ta zo ba.

Bari in nuna muku abin da nake tararwa in na hau. Falo ne da silin POP, wato na farin garin filasta, an huda shi an jera ƙananan fitilu zagaye, a ce guda 20, uku sun mutu. Kowace tana riƙe da sifirin biyu ta ciki. Mai fenti ya riga ya bi da burushi ya liƙe bakinta da silin, sai na zagaya da reza tukuna. Ina jawo ta, sifirin ya ɓalle ya daki yatsa, gefen ramin ya marmashe, farin gari ya zubo mini a ido da kan kujerun mutane. Fitilar ta fito, amma wayar ba ta kai tsawon yatsa ba, domin wanda ya yi wayarin ya yi tsumulmular waya, ya murɗe ta da hannu ya naɗa salatif. Ɗan akwatin da ke ba ta wuta, direba, an wurga shi can cikin silin, hannu ba ya kai wa, kuma babu ƙofar shiga silin ɗin ko ɗaya a duk gidan. To a ce na yi dabara na fito da shi. Na ɗauki gawar fitilar na shiga go-sulo har kasuwar kayan lantarki ta Alaba, mai shago ya juya ta ya ce wannan samfurin ya ƙare, ga sabon da ya shigo. Sabon ya fi ramin faɗi ko bai cika shi ba. In an yi sa'a girman ya yi daidai, sai ka kunna ka ga haskenta fari fat ne mai 6500K a ma'aunin launin haske, sauran na falon kuwa ruwan ɗorawa ne mai 3000K. Daga nan sai a nemo mai POP ya cike rami, a jira ya bushe, a nemo mai fenti. Ma'aikata uku da yini biyu a kan abin da a da yarinya ke yi a kan kujera. Wannan shi ne ci gaban.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ƙarƙashin rubutun da aka yi jiya a kan yaron. Wai ai LED ba ta mutuwa, an rubuta a kwali awa 50,000. Madalla da kwali. In ka raba awa 50,000 a kan awa 6 kowane dare, ya haura shekara 20. Wa ya taɓa ganin fitilar silin da ta yi rabin haka a Legas? Ya ɗaga hannu in zo in yi mata ziyara. Lissafin kwalin yawanci na ƙwayoyin hasken ne, su kuwa ba su ne ke fara mutuwa ba. Direba ne, shi da ke karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita 'yar ƙaramar wutar da ƙwayoyin ke iya ɗauka. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai tara wuta, kafasita mai ruwa-ruwa, kuma duk mai aikin lantarki ya san ƙa'idarta, zafi ya ƙaru da digiri 10, kwananta ya ragu da kusan rabi. Yanzu sa hannunka cikin silin a ƙarƙashin rufin kwano da ƙarfe biyu na rana a watan Maris ka ji. Ka haɗa da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, da juyawa daga wutar gari zuwa janareta sau nawa a rana, da laimar damina, da iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe a Lekki da Ajah. Abin da ya lalace ɗan ƙaramin abu ne mai araha, amma da yake an narka shi a cikin jikin fitilar an liƙe da gam, dole a jefar da ita ɗungurungum, ta je ta ƙara tsayin bolar Olusosun.

Wani kuma ya ce laifin kayan Sin ne. Ɗan'uwa, Sinawa abin da ɗan kasuwa ya yi oda shi suke ƙera masa, mai gyaruwa da marar gyaruwa duk suna yi. Kuma ba su suka fara wannan wasa ba. Tun 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na Turai da Amurka suka haɗa kai a Geneva, ƙungiyar da ake kira Phoebus, suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000. Amma ko su sun bar maka holdarka, ka cire ka sa wani. Kuma ko da fitilar daga aljanna aka sauko da ita, ba Basine ne ya zo Ajah ya ce a sa ta saman matattakala ba.

Sai masu cewa ado. Alhaji, ranka ya daɗe, ba wanda ya hana ka ado, kuɗinka ne. Ina dai roƙonka ka shiga falonka bayan shekara biyu ka ɗaga kai. Shandaliyar da ka yi alfahari da ita ranar buɗe gida, rabin ƙwayayenta sun mutu, yanar gizo-gizo ta naɗe ta, ƙwari sun cika murfin gilashin sun yi baƙi, kuma ba wanda ya taɓa ta saboda sai an yi hayar ƙarafan hawa na magina an kwashe kujeru. Ado ke nan? Akwai injin da ake ɓoyewa cikin silin, a danna maɓalli shandaliya ta sauko har ƙasa, a goge ta, a canza ƙwai, ta koma. Wanda ya iya sayen fitilar miliyoyi bai gaza sayen wannan ba, bai dai yi tunanin ba ne, domin ya san ko sama da ƙasa za ta haɗu ba shi zai taka tsanin ba.

Nan ne abin yake mini ciwo, kuma a nan ba wasa nake ba. A Legas in aka ce a samu wani ya hau, kun san ko waye wanin. Yaronmu ne, ɗan Katsina ko Sakkwato ko Zindar, da ya zo neman abin da zai aika wa tsohuwarsa. Maigadi ne, ko mai wanki, ko mai tura kurar ruwa da aka tsayar a hanya aka ce zo ka taimaka. Ba shi da takardar aiki, ba shi da inshora, bai san wace waya ce mai wuta ba, kuma ba zai iya kallon mai gida ya ce a'a ba. In ya faɗo a biya kuɗin asibiti na makon farko, daga nan sai 'yan'uwansa su bi unguwannin Mile 12 da Idi-Araba da takarda suna haɗa taro da sisi, a ƙarshe a sa shi a mota a mayar da shi gida da sanda. Kuskuren mai zanen gida a jikinsa yake ƙarewa. Saboda haka mai cewa ai ku masu gyara kasuwa ce ta buɗe muku, ya riƙe kasuwarsa. Na fi son a kira ni aikin minti 10 in sauko da ƙafafuna.

Kuma ba abu ne da ya gagari duniya ba. A Japan gidaje suna da wani ɗan soket a tsakiyar silin, ka ɗaga fitila ka juya ta ta kama, ɗan haya ma da tasa yake tashi in zai bar gida. A Faransa ƙa'idar wayarin ta sa ana saka irin wannan mahaɗi a silin ɗin sababbin gidaje. Tarayyar Turai kuma tun 1 ga Satumba 2021 dokarta ta ce a ƙera fitila yadda za a iya cire ƙwanta da direbanta da kayan aiki na yau da kullum ba tare da an lalata ta ba, sai in mai ƙerawa ya kawo hujjar da ta hana. Mu kuwa duk abin da kwantena ta sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa shi ne yayi.

Ba sai mun jira doka ba. Mai gini ya ce wa mai wayarinsa ya bar ƙofar shiga silin, ya bar wa kowace fitila waya mai tsawon kamu guda a ƙalla, ya yi haɗi da mahaɗi mai sukuru ko mai dannawa a bar salatif ya huta. A zaɓi ƙananan fitilu masu ƙwan GU10 da ake cirewa ta ƙasa, ko masu direba a ware kusa da bakin rami. A ranar saye a ƙara 'yan kaɗan a ajiye a kwali, domin samfurin ba zai jira ka ba. Matattakala kuwa a haska ta daga bango, daidai inda hannun mutum ke kai wa daga kan ɗan gajeren tsani. Kwamitocin masallatai, da ku nake musamman. Kowace shekara ana saura kwana kaɗan azumi sai a fara neman matashi marar tsoro da zai hau ƙarƙashin ƙubba saboda tarawihi, a ɗaure tsani biyu da igiya, dattawa na ƙasa suna riƙe suna Allah ya tsare. Ku sauko da fitilun nan kan ginshiƙai. Sahu ne ke buƙatar haske, ƙubba ba ta karatu.

Tunda ma an taɓo maganar, wa ya fara kawo mana wannan igiyar hasken mai shuɗi da ja da ake zagaye silin da ita? Rannan na je gaisuwar suna a wani gida a Ogba, aka kawo tuwo da miya, wallahi sai da na kunna tocilar waya kafin na gane kuka ce ko kuɓewa. Mai gidan na riƙe da rimot yana canza mana launi, mu koma kore mu koma ruwan hoda, limamin da ya zo addu'a yana ta murza ido. Na tambaye shi ina aka sa direban igiyar, ya ce mai POP ya rufe shi a ciki don kada ya ɓata kyan aikin. Na ce to, lambata tana wajenka.