Na je Berlin da shadda, na dawo da wandon marigayi

Tun da na zo karatu garin Hof, can a kusurwar arewa maso gabashin jihar Bavariya, ƙanina ya sa ni gaba da tambaya guda: "Yaya, wai yaushe za ka je Berlin ne? Ko dai Jamus ta ƙauye aka kai ka?" Ban ga laifinsa ba. Duk hoton da na tura gida, in ba shanu a bayana, to akwai gonar da aka gama girbe. Kuɗin jirgin ƙasa zuwa Berlin kuwa, ga ɗalibin da sai ya ƙirga ƙwai kafin ya soya, ba abin wasa ba ne.

Rannan sai abokin ɗakina, wani Bajamushe, ya ce ai akwai Berlin a nan bayan gari, keke ma yana kai mutum. Sunan ƙauyen Mödlareuth, amma sojojin Amurka da suka yi gadin iyaka a yankin suka laƙaba masa "Ƙaramar Berlin", saboda shi ma an taɓa raba shi biyu da katanga. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ban kuma ga dalilin da zai sa in wahalar da mutanen gida da kalmar "ƙarama" ba.

Ranar 31 ga Oktoba na fito da farar shaddata ta sallar bara, riga da wando, na kafa hula, na ɗora rigar sanyi a sama, na hau keken aro. Hanyar duk hawa ce da gangara, kafin in isa harshena ya kusa taɓa kan keke.

Mutum na farko da na tarar a bakin ƙauyen wani dattijo ne yana gyaran tarakta. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Grüß Gott." Jamusancina a lokacin bai wuce na wata uku ba, amma na san kalma ta farko gaisuwa ce, ta biyu kuma Allah. Na haɗa lissafi a kaina ya ba ni "ka gaida Allah". Gabana ya faɗi. A gida in an ce maka ka gaida mutanen gida, sai ka ce za su ji. Wannan fa me ake cewa? Wato bawan Allahn nan ya ga yadda nake haki ya yanke cewa tafiyata ta zo, har yana ba ni saƙo? Na ce a raina, malam, da sauran shan ruwana a duniya. Sai daga baya na gane fatan albarka ce kawai, sallamar mutanen kudancin Jamus ke nan. Da na ji an sake yi wa wani ita bai mutu ba, sai na riƙe ta gam. Na yi ɗan gaba kaɗan, na ga wani mutum yana share ganye a ƙofar gida, na rangaɗa masa ita da murya mai ƙarfi. Ya ce, "Guten Tag," ya ci gaba da shararsa. Ashe har na bar Bavariya na shiga jihar Turingiya, inda gaisuwar ta sauya, ban sani ba.

Ƙauyen nan duka mutanensa ba su wuce hamsin ba. Gidanmu na gado ranar sallah ya fi shi cika. Amma har yau komai nasu biyu ne: ɓangare ɗaya yana ƙarƙashin magajin garin Töpen, ɗayan na Gefell. Lambar gidan waya biyu, lambar kiran tarho biyu, motocin nan suna ɗauke da HO, na can SOK. Hatta ranar da na je hutu ce a Turingiya, ta tunawa da gyaran coci na Martin Luther, alhali a Bavariya ranar aiki ce. Washegari, 1 ga Nuwamba, sai a juya: Bavariya ta huta, Turingiya ta fita aiki. Shi ya sa mai tarakta yake cikin baƙin mai, mai shara kuma yake yanga da tsintsiya.

Abin da ya raba su wani rafi ne mai suna Tannbach. Ni da na ji ana cewa nan ne duniyar Amurka da ta Rasha suka yi iyaka, na ɗauka zan ga ruwa kamar Kwara a Jebba, ko a ƙalla kogin Kaduna da damina. Abin da na tarar, kwatar layinmu in an yi ruwan Agusta ta fi shi cika, sai dai shi garai-garai yake. Tun 1810 aka kafa duwatsun iyaka a wurin, gefe ɗaya an sassaƙa KB, wato masarautar Bavariya, ɗayan FR, wato ƙasar sarakunan Reuss. Ba wanda abin ya dama. A lokacin makaranta da gidan cin abinci suna tsallaken Turingiya, coci kuma kowa Töpen yake zuwa. Sai da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, Amurka ta riƙe Bavariya, Tarayyar Sobiyet ta riƙe Turingiya, sannan ɗan rafin nan ya zama dodo. A 1952 aka kafa shingen katako, a 1966 aka gina katangar kankare mai tsawon mita 700, tsayinta ya haura mita 3. Yanzu an bar wani yanki nata da hasumiyar masu gadi, an mai da wurin gidan tarihi, har da wata tsohuwar tankar yaƙi ta Sobiyet a ajiye.

To a nan shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce me zai hana in tsallake rafin nan da tsalle ɗaya, daga tsohuwar Jamus ta Gabas zuwa ta Yamma, in tura wa ƙanina bidiyo ya rufe mini baki? Na jingina waya a jikin wani turke, na cire rigar sanyi domin shadda ta fito, na gyara hula, na yi jawabi kamar ɗan jarida: "Jama'a, ga ni a Berlin, kuma yanzu za ku ga abin da ya gagari sojoji shekara da shekaru." Na ja da baya taku biyar, na sheƙo.

Ban yi lissafi da jiƙaƙƙiyar ciyawa ba, ban kuma yi da takalmin sallah mai sulɓin ƙasa ba. Ƙafar dama ta tafi Yamma, ta hagu ta ce ita a Gabas aka haife ta. Na zauna daɓas a tsakiyar Tannbach. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma sanyinsa sai da ya kai mini har haƙori. Hulata ce kaɗai ta samu tsallakawa.

Akwai wasu tsofaffi masu yawon buɗe ido da suka tsaya suna kallo. Da a gida ne, da tuni wani yana "sannu, sannu", wani yana riƙe ciki, yara sun sa mini waƙa. Waɗannan ko murmushi babu. Ɗayansu ya matso a natse, ya nuna mini da yatsa inda hanya ta bi ta kan rafin, taku kaɗan daga inda nake zaune, wai ko ban lura da ita ba.

Wata tsohuwa ce ta cece ni, sa'ar kakata. Ta kama hannun rigata ta ja ni gidanta tana faɗa, ina tsintar kalma ɗaya cikin biyar. Ta shiga ɗaki ta fito da wandon mijinta da ya rasu. Marigayin, ga dukkan alamu, gajere ne mai faɗi. Wandon ya tsaya mini a ƙwauri, ƙugunsa kuma zai ɗauki ni da ƙanina har da sauran wuri, sai da aka rataye mini shi a kafaɗa da igiyoyinsa na roba.

Sannan ta kawo kofi mai tururi da wani kek da aka barbaɗa wa sukari da man shanu, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Rabona da abinci tun safe. Amma ni ɗan tarbiyya ne, Umma ba ta haifi mai zarin ci a gidan mutane ba. Na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi, ina jiran ta ce haba ɗan nan, ci mana, in sake ƙi, a na uku in miƙa hannu. Tsohuwar nan ta ce to, ta ɗauke farantin, ta rufe shi da murfi, ta mayar kicin. Ina jin ƙarar ƙofar kabad. Faɗawar da na yi a ruwa ba ta yi mini ciwon wannan ƙarar ba.

Haka na zauna da baƙin kofi a cikin wofi tana ba ni labari, rabi da baki, rabi da hannu. A zamanin katanga, ta ce, mutanen gefen Gabas ko hannu ba a yarda su ɗaga wa 'yan uwansu na tsallake ba, kana hango ɗan uwanka ka yi kamar ba ka san shi ba. Baƙo ba ya shigowa ƙauyen sai da takardar izini ta musamman. Katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989, amma su sai ranar 9 ga Disamba aka huda musu ƙofa, wata guda cur suna jira. Mutum ɗaya tak ya taɓa haure katangar ƙauyen ya tsira, a 1973, da tsani. Ta faɗi wannan tana kallon ƙwaurina. Na fahimci saƙon: shi da katanga da masu bindiga ya wuce, ni ba katanga ba kowa, na kasa.

Da yamma na tako keke na koma Hof, wandon marigayi yana kaɗawa kamar tuta, shaddata kuma na baro ta a igiyar shanya a Turingiya. Gajiya ta sa na tura bidiyon gida ban yanke ƙarshensa ba. Minti biyu Umma ta kira hankali a tashe, wai an ce mata na faɗi a kan iyaka, ko 'yan sanda sun kama ni? Ƙanina kuwa saƙo ɗaya ya turo: "Yaya, ashe Berlin tarakta ɗaya gare su?"

Ranar Asabar na koma mayar da wando, na bi ta kan hanya kamar kowa. Tsohuwar ta miƙo mini shaddata a goge, ta buɗe baki za ta tambaya ko zan ci kek. Ba ta kai ƙarshen tambayar ba na riga na ja kujera.