Ranar da aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya

A ranar 15 ga Yulin 2021 Majalisar Dattawan Najeriya ta yi abin da ba ta saba yi ba. Ana tsaka da muhawara kan sashe na 52 na ƙudurin gyaran Dokar Zaɓe, wanda ya shafi aika sakamako ta na'ura, sai shugaban marasa rinjaye na lokacin, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya ƙi yarda da hukuncin da aka yanke da ƙuri'ar murya, ya nemi a kira kowane sanata da sunansa ya miƙe ya faɗi inda ya tsaya. Sanatoci 52 suka mara wa sharaɗin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo, wato INEC ba za ta aika sakamako ta intanet ba sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai wadataccen sabis, Majalisar Tarayya kuma ta sa albarka. Sanatoci 28 suka ƙi, wasu 28 kuwa ba a gan su a zauren ba.

Cikin waɗanda suka bi rinjaye har da Sanata Kabiru Gaya na Kano ta Kudu, shugaban kwamitin majalisar kan INEC a lokacin, alhali kwamitinsa ne ya kawo shawarar a bar wa hukumar zaɓe wuƙa da nama a kan lamarin. Hujjar ƙarancin sabis da aka kafa ba ƙarya ba ce, domin duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san inda ake hawa tudu kafin a samu kira ya shiga. Sai dai maganin da aka ba ta ya fi cutar muni, tunda ya ɗora hukumar da tsarin mulki ya ce mai cin gashin kanta ce a ƙarƙashin 'yan takarar da za ta yi wa alƙalanci.

Kashegari jaridu suka buga jerin sunayen, jiha-jiha, kowa ya ga abin da wakilinsa ya yi. Ba a cika wata uku ba majalisar ta lashe amanta, ta cire sharaɗin a watan Oktoba. A ganina, da ƙuri'ar murya aka tsaya a kanta, da sharaɗin ya zauna daram, domin a cikin amon "e" da "a'a" babu mai ɗaukar laifi, kowa na iya komawa gida ya rantse cewa ba da shi aka yi ba.

Ba za a tauye wa Gaya da takwararsa ta Majalisar Wakilai, Hajiya Aishatu Dukku, haƙƙinsu ba. Sun riƙe ƙudurin har bayan da Shugaba Buhari ya mayar da shi a Disamban 2021 saboda tilasta zaɓen fitar da gwani na 'yar tinƙe, aka gyara, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Dokar ta ba na'urar tantance masu zaɓe gindin zama, ta kuma wajabta a sakar wa INEC kuɗinta shekara guda kafin babban zaɓe. Shi kansa Gaya a ƙarƙashin wannan doka ya rasa kujerarsa a hannun Kawu Sumaila a 2023, kuma wannan shaida ce a gare ta.

Amma an bar ɓaraka. Sashe na 60(5) na dokar ta 2022 ya ce jami'in rumfa ya miƙa sakamako ta hanyar da hukuma ta tsara, bai ambaci intanet ba. Da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 ya kasa hawa IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet, a kan lokaci, aka je kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar a ranar 26 ga Oktoba cewa dokar ba ta tilasta wa INEC tattara sakamako ta na'ura ba. Jama'a sun fusata da alƙalai, ni kuwa nakan ce alƙali abin da aka rubuta masa yake karantawa. Jimla ɗaya da aka sassauta a ɗakin kwamiti ita ta yi aiki a rumfuna 176,846.

Wannan ne ainihin aikin ɗan majalisa, kuma shi ne wanda muka fi wofantarwa. Mun saba auna wakili da rijiyar burtsatse da babura da buhun taki, duk da cewa a 2019 Buhari da bakinsa ya ce an kashe kimanin naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma kan ayyukan mazaɓu ba tare da an ga tasirinsu ba. Sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa ikon bincike don tono almundahana da ɓarnar dukiya, sashe na 85 kuma ya ce gabanta Babban Mai Binciken Kuɗi zai kai rahotonsa, amma da wuya ka ji an tare wakili a taron mazaɓa an tambaye shi abin da ya yi da ko da shafi ɗaya na rahoton. Haka kuma ba a tambayarsa batun ma'aikatan zaɓe na wucin gadi da jami'an tsaro da 'yan jarida, waɗanda aiki ya nisanta da rumfunansu a 2023 suka rasa damar kaɗa ƙuri'a, a zaɓen da waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na mutum miliyan 93 da suka yi rajista ba.

Mai zaɓe ba zai iya yin waɗannan tambayoyi ba in babu rubutacciyar shaida a hannunsa. Saboda haka nake ganin gyaran da ya fi sauƙi, kuma ya fi gaggawa, shi ne a wajabta ƙuri'ar suna a kan duk ƙudurin da ya shafi zaɓe, kasafin kuɗi ko ciwo bashi, a wallafa jerin a ranar, tare da sunayen waɗanda ba su halarta ba. Wannan ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa ko amincewar majalisun jihohi, domin sashe na 60 na tsarin mulki ya ba kowane zaure ikon tsara ƙa'idojin zamansa, kuma sanata ɗaya ya isa ya gabatar da buƙatar.